Kiɗan punk a shago ɗaya a Agege: wuta, waya da ganga

Mutum huɗu ake nema: mai jita, mai bes, mai ganga da mai waƙa. In mai jita zai iya ihu yana kaɗawa, uku ma sun wadatar. Da haka muka tashi ƙungiyarmu a wani shago da ke bayan layin dogo a Agege, mita huɗu tsawo, uku faɗi, rufin kwano, soket ɗaya a bango. Kiɗan punk ya fito ne a tsakiyar shekarun 1970 daga New York da Landan, kuma abin da aka san shi da shi bai canza ba: waƙa gajera, sauri, ƙara, da rashin jiran sai an ƙware kafin a hau dandamali. Wannan na ƙarshen shi ke ruɗin mutane. Gaskiya ne cikin mako biyu yaro zai iya riƙe abin da ake bukata a jita. Amma a Legas ba yatsu ne ke kashe ƙungiya ba. Wuta ce, sai waya, sai maƙwabta.

Kayan aiki a kasuwar Alaba da ke Ojo ake samunsu, yawanci tokumbo, wato na hannu da aka shigo da su daga waje. Daga Agege hanyar ita ce Iyana Ipaja, Egbeda, Igando, Iyana Iba, kuma gara a fita da sassafe don a sami lokacin gwada kaya a tsanake. Kafin ka taɓa komai a jikin amfilifaya, juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Kayan da suka fito daga Ingila sun dace da ita, har filoginsu mai ƙafa uku irin namu ne. Na Amurka bolt 120 suke so, na Japan 100. In ka soka amfilifayar Amurka kai tsaye a bango, in da rabo fiyus ne kawai zai tafi, in babu rabo taransfomar ciki ta ƙone, sai ka ji wari kamar na roba a murhu. Dole ka haɗa da taransfoma mai rage wuta, kuma ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a bayan amfilifayar aƙalla sau biyu. Mu har fenti ja muka shafa wa filogin tamu, domin ranar wasa wani mai son taimako zai zo ya soka maka ita a inda ya ga rami.

Kayan Turai masu filogi mai ƙafa biyu zagayayyu wata matsalar ce daban. Ana tura su cikin soket ɗinmu da ƙarfi, a danna ramin sama da tsinken ashana, wuta ta kawo, kowa ya yi murna. Amma wayar ƙasa ba ta haɗu ba. A yanke filogin nan tun a kasuwa a sa mai ƙafa uku. Zan dawo kan dalili.

Jita kuwa, ka ɗaga ta kamar bindiga ka leƙa wuyanta daga kai zuwa gindi. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, amma in wuyan ya murɗe gefe ɗaya, ajiye ta ko da kyauta ce. Danna kowace gaɓa, wato tsakanin ƙarafan da aka jera a wuyan, a kowace tsirkiya ka saurara ko akwai inda sauti ke mutuwa ko yake zizar ƙuda. A gaɓa ta 12, tazarar tsirkiya mafi kauri da ƙarfen gaɓar kada ta wuce milimita biyu da ɗan wani abu; in ta fi haka yatsu za su gaji kafin waƙa ta uku. Sa ta a amfilifaya ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza kan waya a ramin jak. Ƙarar ƙas-ƙas a maɓalli datti ne, feshin wanke kayan lantarki na maganinsa. Ka guji jita mai sandar nan da ake dannawa sauti ya yi rawa, musamman wadda gadarta, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi, ke shawagi a kan sifirin: tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk su sauka daga saiti a lokaci guda, a tsakiyar waƙa. In ita kaɗai ka samu, buɗe bayanta ka cusa guntun katako ka kashe gadar. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti kuma iri biyu ne, siriri mai naɗi ɗaya da mai faɗi mai naɗi biyu. Siririn yana kwaso gunjin wutar gida da na janareta, mai naɗi biyun yana kashe mafi yawansa. A Legas wannan kaɗai ya isa ya yanke maka shawara.

Yanzu wuta. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, wanda ake wa kirarin ya fi maƙwabci, ba na wannan aikin ba ne. A takarda kamar zai ɗauka, tunda amfilifayar jita mai wat 50, ta bes mai wat 100, miksa mai haɗa sautuka, fanka da ƙwan fitila duk ba su kai wat dubu ba. Amma bes ba ya jan wuta daidai wa daida. Duk bugun tsirkiya mai kauri fizga ce. Sai ka ga fitila na lumshewa tare da kiɗa, sautin bes ɗin na fashewa kamar an yaga buhu. Abin da ya zauna mana shi ne janareta mai kVA 2.5 wanda ke da na'urar daidaita wuta a cikinsa, wato kusan wat 2,000 na aiki. A tayar da shi babu komai a jikinsa, a bar shi ya yi minti biyu ya daidaita, sannan a jona. Wajen kunnawa, miksa da farko, amfilifaya da lasifika a ƙarshe. Wajen kashewa a juya: amfilifaya da farko. In aka saɓa, lasifika ce ke shan dukan, za ka ji ta yi "ɗum" kamar an rufe ƙofar mota. Haka in an kawo wuta ana tsakiyar gwaji, kada wanda ya taɓa makunnin canji sai an kashe amfilifayoyi. Sitabilaiza mai arha, irin mai ƙas-ƙas in wuta ta yi sama ko ƙasa, duk ƙas ɗin da ta yi sai ya fito a lasifika; a firij take da amfani. Kuma janareta a waje yake zama, nesa da taga, hayaƙinsa na fuskantar wani wajen. Ɗakin gwaji ɗaki ne da aka toshe kowace kafa don ƙara, hayaƙin kuma ba ya jiran a ji warinsa kafin ya kwantar da mutum.

Ga dalilin maganar wayar ƙasa. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. Kan makirufo kuma a haɗe yake da jikin miksa. In ɗayansu ba shi da wayar ƙasa, ko kuma an jona su a soket biyu da aka yi wa haɗi daban, sai a sami bambancin wuta tsakaninsu, kuma mutumin da hannunsa ke kan tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirufo, shi ne gadar. Da farko ɗan tsunguli ne a leɓe, ana dariya. Ranar da ƙasa ta jiƙe, mutum ba takalmi, gumi ya wanke shi, ba abin dariya ba ne, don an sha rasa mawaƙa ta wannan hanyar. Gwajin ba wuya: a sa mitar gwajin wuta a kan bolt na wutar gida, tsinke ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ragar makirufo. In ta nuna fiye da 'yan bolt kaɗan, a tsaya. Maganin shi ne duk kayan su sha daga estenshan ɗaya mai ƙafa uku na gaske, a buɗe shi a tabbata akwai waya ta uku a ciki, don da yawa a kasuwa rami uku ne waya biyu. A kira mai aikin wuta ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, ya haɗa da soket da jikin janareta, ya sa makatsar nan mai yanke wuta da zarar miliamf 30 ya zurare. Soson da ake sa wa makirufo yana ɓoye tsungulin ne kawai. Fiyus kuma in ya tsinke, a sa mai lamba irin tasa. Mai gyaran rediyo zai ce maka, "Oga, bari in naɗa masa waya, zai yi." Zai yi, har ranar da abin da fiyus ɗin ke karewa zai ƙone a madadinsa.

In kan amfilifaya daban yake da akwatin lasifika, a duba om, wato ma'aunin juriyar lasifika. Akwati biyu masu om 8 in aka jona su gefe da gefe sun koma om 4. In amfilifayar ba ta yarda da ƙasa da 8 ba, za ta yi zafi ta mutu. Amfilifaya mai kwalaben nan masu haske a ciki kuwa, kada a taɓa kunna ta ba lasifika a jone, taransfomar fitar da sautinta ce za ta tafi, kuma ita ce mafi tsada a jikinta. Ni dai a Legas ban ga dalilin da sabuwar ƙungiya za ta sayi mai kwalabe ba: tana da nauyi, ba ta son girgizar danfo, bas ɗin haya na Legas, ba ta son wuta mai hawa da sauka. Wayar lasifika da wayar jita kansu iri ɗaya ne, cikinsu daban. Ta jita siririya ce mai rigar kariya, in ta ɗauki ƙarfin lasifika za ta yi zafi. Ta lasifika ba ta da riga, in aka sa ta a jita gunji ne kawai. Mu tef fari muke naɗa wa ɗaya, ja wa ɗaya.

Ganga ta fi komai tsada da cin wuri. Saitin da aka saba: babbar ta ƙafa inci 22, ta tsakiya mai wayoyi a ƙasa inci 14, ƙanana biyu, ta ƙasa inci 16, sai farantan tagulla. Punk bai bukatar duka. Ta ƙafa, ta tsakiya, ta ƙasa, tagwayen farantan da ake takawa da faranti ɗaya na duka sun isa. A Legas mafi yawan ganguna da masu buga su daga coci suke fitowa, ɗakunan gwajin da ake haya da awa ma yawanci mawaƙan coci ke cika su, don haka ranar Asabar da yamma ba a samun wuri. Tsohon saiti daga can ya fi sauƙin samu, sai dai a duba fatun da feda. A shimfiɗa darduma mai kauri ko guntun kafet a ƙarƙashi, in ba haka ba gangar ƙafa za ta riƙa tafiya gaba a kan siminti, inci ɗaya duk baiti, har mai ganga ya koma bin ta da ƙafa. Bulo ɗaya a gabanta na taimakawa. A jefa filo a cikinta ya taɓa fata, sautin ya gajarce. Wajen ɗaure fata ana bin kusoshi ne ɗaya da kishiyarsa, rabin juyi rabin juyi, kamar ɗaurin tayar mota. Farantai kuma kada a matse su. Su sami soso sama da ƙasa da 'yar robar da ke raba su da ƙarfen sanda. Ba robar, ramin tsakiya ya cinye ya zama kamar ramin makulli. In faranti ya fara tsagewa, a huda ƙaramin rami daidai ƙarshen tsagar, zai ƙara 'yan watanni. Sanduna a sayi 5B, sun fi 5A kauri, a sayi biyu-biyu har uku, don dukan bakin ganga na cin su kamar gara.

Kwalin ƙwai a bango ba ya hana ƙara fita. Kowa na liƙa shi, mu ma mun liƙa, maƙwabta kuma suka ci gaba da jin komai. Shi da tsohuwar katifa abin da suke yi shi ne rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, wannan ma katifar ta fi. Abin da ke tare ƙara nauyi ne da toshe kafa: bulo a taga, ƙofa biyu, roba a bakin ƙofa. Rufin kwano kuwa ba dabara sai silin mai kauri. Kuma katifa da kwali abincin gobara ne, kada a sha taba ko a kunna maganin sauro a ciki. Tunda ba za a iya kashe ƙarar ba, lokaci ake saya. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, tana rufe wurare kan ƙara, ma'auninta a unguwannin zama desibel 55 ne da rana, 45 da dare, ganga kaɗai kuma a ƙaramin ɗaki tana haura 100. Amma kafin hukuma akwai mai gida da limamin masallacin layi. A je a same su tun kafin a shigo da kaya, a durƙusa a gaisa, a ce, "Baba, kiɗa muke koyo, muna neman izinin bayan La'asar zuwa kafin Magariba, kwana biyu a mako." Wannan tazarar a Legas kusan awa biyu da rabi ce, haɗa kaya da naɗe su na cin minti arba'in. A sa ƙararrawa a waya minti goma kafin kiran salla. Sau ɗaya aka ji jita a kan kiran salla, an gama da ku a layin. Ranar Juma'a da watan azumi ba sai an faɗa ba.

Kunne kuma: desibel 85 ana iya jure shi awa takwas, duk ƙarin uku na raba lokacin biyu, a 100 saura minti goma sha biyar. Soson toshe kunne na masu aikin masana'anta ba shi da tsada. Auduga ba ta yin komai.

Kiɗan kansa ga shi. Jita ana saita ta E, A, D, G, B, E daga mai kauri zuwa siririya, bes kuma E, A, D, G. Kowa ya saita da na'ura ɗaya ko manhaja ɗaya a kan 440, lambar saitin da aka saba, ba da kunne ba, kuma a sake dubawa duk bayan waƙa biyu. Riƙon da ake bukata ɗaya ne: manuniya a gaɓa ta 5 ta tsirkiya mafi kauri, yatsan zobe a gaɓa ta 7 ta mai bi mata. Wannan A ne. Sauko da hannun gaba ɗaya tsirkiya ɗaya ƙasa, D ke nan; matsa gaɓa biyu gaba, E. Da waɗannan ukun an yi waƙoƙi ba iyaka. Wahalar a hannun dama take. Ana kaɗawa ƙasa-ƙasa ne kawai, sau biyu a kowane bugu, kuma in gudun waƙa 180 ne a minti, kaɗawa 360 ke nan, shida a daƙiƙa. Mai kaɗawa da dukan hannu daga gwiwa zai sandare a minti ɗaya. Daga wuyan hannu ake yi, da fik, wato 'yar robar kaɗa tsirkiya, mai kauri kusan milimita ɗaya, a fara a gudun 120 a riƙa ƙara biyar-biyar. Tsirkiya saitin 10 zuwa 46 ta fi ta 9 zuwa 42 kauri da jure duka. Sabuwa sai an ja ta da hannu an sake saitawa sau uku ko huɗu kafin ta zauna, don haka ba a canza ta ranar wasa, jajibiri ake yi. Iskar Legas mai laima da gishiri da gumin hannu na sa ta tsatsa cikin makonni. A goge da busasshen tsumma duk bayan gwaji, sama da ƙasa. Ta bes tana da tsada, in ta dushe a tafasa ta minti goma a ruwa, a shanya sosai, za ta farfaɗo na ɗan lokaci. In hunturu ya shigo a Disamba katakon wuya na motsawa, tsirkiya ta fara ziza; kwatan juyi ɗaya na sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jita, a jira kwana guda, kada a ƙara sai an gani.

Mai ganga: ƙafa a bugu na ɗaya da na uku, ta tsakiya a na biyu da na huɗu, hannun dama na tafiya da mai jita. Wanda ya taso a coci ko a kiɗan fuji hannunsa ya fi wannan nisa, matsalar ke nan. Zai cika kowane gurbi da ado, kiɗan ya riƙa rangaji alhali ana son ya miƙe kamar layin dogo. Sai an roƙe shi ya rage. Sauran cutar ta kowa ce, wato gudu: a fara a 170 a ƙare a 200, mai waƙa na haɗiye kalmomi. Maganinta na'urar ƙirga bugu a waya, abin ji a kunnen mai ganga shi kaɗai, sauran su bi shi. Kowace waƙa da dukan sanda huɗu take farawa, kuma wanda ke ƙirgawa ya rera amshin a zuciyarsa tukuna, don gudun da ya ƙirga shi za a zauna a kai. Tsarin da muka fi amfani da shi, in an ɗauki bugu huɗu a matsayin gida ɗaya: buɗewa gida 8, baiti 16, amshi 8, baiti 16, amshi 8, gada 8, amshi 16. Gida 80 ke nan, minti ɗaya da daƙiƙa 47 a gudun 180. Ƙarshen waƙa a yi masa gwaji na musamman, sau goma a jere. Mutane na yafe kuskure a tsakiya, amma in uku sun tsaya ɗaya ya ci gaba, kowa ya gani.

Rigimar da ta fi yawa a ɗakin gwaji ita ce "ba na jin kaina". Mai jita ya ƙara, mai bes ya ƙara, mai ganga ya ƙara ƙarfi, mai waƙa ya ɓace. Dalilin sau da yawa shi ne amfilifaya na ƙasa tana yi wa ƙwauri kiɗa. A ɗora ta a kujera ko a jingina ta ta kalli kunnen mai ita, nan take zai rage da kansa. Ana fara saiti ne daga murya: a ɗaga makirufo har ya kusa kuka, a ɗan sauke, sauran duk su zauna a ƙarƙashin wannan. Maɓallin da ke sa jita ta yi gurnani kada ya wuce rabi, in ya wuce riƙo ukun nan duk su zama kunu ɗaya. Maɓallin sautin tsakiya kuma kada a kashe shi. In an kashe shi, a ɗaki kai kaɗai da daɗi, cikin ƙungiya jitar ɓacewa take. Kukan makirufo kuwa daga fuskantar lasifika ne, ko daga mai waƙa da ke dunƙule kan makirufon da tafin hannu don ya yi kama da na bidiyo. Dunƙulewar na toshe ramukan bayan da ke sa shi jin gaba kawai, sai ya koma jin ko'ina. A riƙe shi a wuya.

Waƙa da Hausa a wannan gudun tana da nata sharaɗi. Abin faɗa ba ya ƙaranci. Zambo da habaici sun riga punk zuwa duniya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san kiɗa mai sa jini tafasa da 'yan amshi masu mayar da magana da ƙarfi. Amshi gajere da ƙungiya duka za ta yi ihunsa, shi ne abin da ya fi kama mutane ko da ba sa jin Hausa. Inda ake tuntuɓe shi ne tsawon wasali. Ihu na murƙushe karin sauti, sai tsawon gaɓa kaɗai ya rage ya riƙe ma'ana. In ka rubuta "garin nan ya yi tsada" kana nufin Legas, kiɗa kuma ya sa ka ja "ga" ɗin, ka koma kukan farashin garin tuwo. Don haka gaɓa mai nauyi a ba ta gurbi biyu, mara nauyi ɗaya, kuma layi kada ya wuce gaɓa goma ko sha biyu a gida biyu, don a bar wurin numfashi. "Ba wuta, ba ruwa, ga bil ya zo" gaɓa goma ce, tana zama daram. Ihun daga ciki ake turo shi. Mai yi da maƙogwaro muryarsa na tafiya a waƙa ta uku, ya kwana biyu yana raɗa. Ruwan ɗumi a kusa, ba mai sanyi ba.

Ranar wasa. Masu sauraron irin wannan kiɗan a Legas ba su da yawa, ko da yake garin ya taɓa yin ƙungiyoyin rock masu suna a shekarun 1970, irin su BLO da Ofege. Yawanci ƙaramin zaure ne ko bayan wani wurin shaƙatawa a Yaba, Surulere ko Ikeja, ƙungiyoyi uku ko huɗu a dare ɗaya, kowa minti ashirin da biyar, wato waƙa goma zuwa sha biyu. A yi shatar danfo, a gama ciniki har da kuɗin kaya da za a nema a tasha, a fita awa uku kafin lokaci saboda goslo. Farantai da jita a hannu, amfilifaya a tsaye a kan kujera, tamfol a kusa in damina ce. A jaka: waya biyu na ƙari, tsirkiya, fiyus, batirin bolt 9, tef, makullin ganga, filaya, tocila, estenshan naku na kanku. Da isa a tambayi wane soket ne ba ya layi ɗaya da firiza ko na'urar sanyaya ɗaki, don duk lokacin da injinsu ya tashi wuta na faɗuwa. A sake gwajin mita tsakanin tsirkiya da makirufo, wurin baƙo ne. Mai kula da sauti a irin wuraren nan ya saba da DJ da mai gabatarwa, hannunsa na kan maɓallin eko. A ce masa da ladabi, "Oga injiniya, a cire eko gaba ɗaya, murya kawai da gangar ƙafa za a sa a lasifika." A gudun 180 eko na mayar da waƙa surutun kasuwa. A kuma gaya wa masu gadi tun da wuri cewa mutane za su yi tsalle suna ture juna, rawa ce, ba faɗa ba. In ba a faɗa ba za su shigo da sanda a waƙa ta biyu.

Turereniyar nan ita ke lalata kaya. Wani zai taka wayar jita ta fizge, don haka a zagaya ta ta cikin maratayin kafaɗa kafin a soka. Wani zai bangaji sandar makirufo ta daki haƙorin mai waƙa, don haka ya cire shi ya riƙe a hannu. Wayoyin da ke kwance a ƙasa a manne su da tef, ruwa da lemo kada su hau kan amfilifaya. Jerin waƙoƙi a rubuta da maka mai kauri, kofi huɗu, a manna a ƙasa gaban kowa, a haɗa su uku-uku ba tsayawa. In tsirkiya ta tsinke ba a tsayawa, bes da ganga su riƙe, mai jita ya ƙarasa da abin da ya rage ko ya ari ta wata ƙungiya. In wuta ta ɗauke, mai ganga ya ci gaba, mutane su yi amshi, wani kuma ya ruga ya kashe amfilifayoyi kafin a tayar da janareta.

Kuɗin da za a samu da wuya ya biya danfo. Kayan da aka saya da karo-karo a rubuta a littafi wa ya ba da nawa, da abin da za a yi in wani ya fita, don ƙungiyoyi irin wannan ba su cika daɗewa ba, kuma amfilifayar bes ita ake faɗa a kanta.

Ɗaukar wasan da waya: in aka ajiye ta kusa da dandamali ba abin da za a ji sai fashewa. A kai ta ƙarshen zaure, a ɗaga ta sama da kan mutane, nesa da kusurwa inda bes ke taruwa. In akwai na'urar ɗauka mai maɓalli, a saita ta yadda mafi ƙarfin duka ba zai wuce desibel 12 ƙasa da sifili ba. Wajen tura wa juna a WhatsApp a tura a matsayin fayil, don kada a matse shi. Washegari a zauna da na'urar ƙirga bugu a auna gudun kowace waƙa a farkonta da ƙarshenta, a rubuta lambobin biyu gefe da gefe a bayan jerin waƙoƙin jiya. Wadda tazararta ta wuce goma, da ita za a fara gwajin ranar Talata, a gudun 140.